Ƙafar Goggo ta Hagu

Sannu-Sannu ake ce masa, kuma duk wanda ya taɓa bin bayansa a matsattsen baranda ya san dalili. Mutum ne da ko gobara ta tashi sai ya gyara zaman hularsa kafin ya ɗaga ƙafa. Da ƙuruciyarsa gadon marasa lafiya yake turawa a babban asibiti, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata. Manyan ma'aikatan jinya sun sha yi masa faɗa a kan nawa, amma majinyata shi suke roƙo a kira musu, domin bai taɓa buga tayar gado da dokin ƙofa ba. Da bayansa ya fara ciwo aka mayar da shi gidan dabbobi na makarantar likitoci, can bayan asibitin inda kwalta ta ƙare. Ranar da ya kai labarin gida matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, Allah ya sa tumakin su fi mutane haƙuri da kai," in ji ta.

Gidan dabbobin dogon gini ne marar taga ko ɗaya. Fararen fitilu ke ci daga safe zuwa yamma, na'urar sanyaya iska tana ta gurnani ƙasa-ƙasa, kuma kafin ka shiga sai ka tsoma takalman roba a kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗakunan tumaki na jere hagu da dama, baranda ta ratsa tsakiya ta ƙare a wata koriyar ƙofa. Abin da ya fara damun Sannu-Sannu shi ne shirun wurin. Ya san tumaki da kuka, musamman idan sun ji motsin buhun dusa, amma waɗannan sai dai su juyo gaba ɗaya su zuba maka ido suna tuƙa. Baƙo yakan rage murya da kansa ba tare da kowa ya ce masa ya rage ba.

Aikin da ake yi a wurin ba mai wuyar fahimta ba ne, ko da yake jin sa ba daɗi. Ƙashi idan ya karye yakan haɗe, amma idan wani yanki babba ya fita daga tsakiya, nama ne ke riga ƙashi cike giɓin, shi ke nan ƙafa ta zama ba ta da amfani. Likitocin suna neman maganin wannan. Sai su sa tunkiya barci, su yanke yanki daga ƙashin ƙaurinta, su naɗe giɓin da wani tantani da suka haɗa da kansu a ɗakin gwaji, siriri kamar ɓawon albasa. Tantanin ya tare nama, ya bar ƙashi ya tsiro a hankali daga gefe biyu, shi kuma ya narke idan ya gama aikinsa. Ana ɗaure ƙafar da ƙarafa ta waje har ta yi ƙwari. Bayan wasu watanni sai a kai tunkiyar bayan koriyar ƙofa, a yi mata allurar da ba a tashi, a ciro ƙashin a duba.

Wannan tafiyar ta ƙarshe ita ce wahalar. Idan aka ja tunkiya da igiya takan firgita ta yi ta tirjiya, ta sake karya ƙafar da aka sha wahala a kanta, aikin watanni ya tafi a banza. Dole ta je da ƙafarta, hankali kwance. Tunkiya kuwa ba ta zuwa ko'ina sai ta ga 'yar uwarta a gaba. Nan ne amfanin Goggo.

Goggo tsohuwar tunkiya ce mai baƙin tabo a ido ɗaya. Tana cikin rukunin farko da tsohon Farfesan da ya fara binciken ya yi wa tiyata, shekaru bakwai ko takwas da suka wuce. Da lokacinta ya yi aka tarar tana da ciki, Farfesa ya ce a bari ta haihu tukuna. Kafin ta yaye ɗan, Farfesa ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ɗalibansa suka watse, alamar robar da ke kunnenta ta faɗi, waɗanda suka zo daga baya suka ɗauka ai tunkiyar gida ce kawai da aka saya don jan garke. Sannu-Sannu ya san gaskiya, kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Shi ya raɗa mata sunan, domin tana kallon mutum irin kallon da 'yar uwar mahaifinsa ke yi masa idan ya zo gaisuwa hannu rabbana.

Ga yadda suke yi. Sannu-Sannu zai buɗe ɗakin waɗanda ranarsu ta zo, ya kama tafiyarsa ta kullum, Goggo a bayansa, sauran a bayanta. Kafin su kai koriyar ƙofa shi zai raɓe jikin bango ta dama. Goggo za ta ƙarasa har bakin ƙofar, ta tsaya, ta raɓe ta hagu. Na bayan, da yake sun riga sun miƙa, sai su wuce ciki ɗaya bayan ɗaya, a rufe. Daga nan su biyun su juya. Ba wanda ya koya mata tsayawar nan. Shi ma kansa bai taɓa taka cikin ɗakin ba, kuma bai taɓa sha'awa ba.

Akwai wani hali nata da bai taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba. Goggo ba a kulle ta, tana yawonta a baranda. To, wata safiya zai zo ya tarar da ita tsaye ƙiƙam a gaban wani ɗaki, ba ta ci, ba ta tuƙa, hancinta a jikin ƙarfen ƙofa. Kafin rana ta yi tsaka sai saƙo ya zo daga ofishin likitoci cewa 'yan ɗakin nan ne na gaba. Da farko ya ce dace ne. Daga baya ya ce ƙila warin maganin da ake wanke ɗakin ƙarshe da shi take ji. Amma wari ba ya nuna ɗaki, kuma shi ma ya san haka. Ya daina neman dalili, sai dai duk safiyar da ya hango ta tsaye haka tsigar jikinsa takan tashi.

A gida kuwa Goggo ta zama 'yar dangi. Matarsa takan tara masa ɓawon kayan miya a leda ta ce, "Ka gaishe min da Goggo, ka ce ina nan ina jiran ziyara." 'Yarsu ta fari, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya a sashen ƙashi na babban asibitin, takan ce da a ce Baba na tambayar lafiyarta rabin yadda yake tambayar ta tunkiya, da ta yi ƙiba. Shi dai sai ya yi murmushi. Yana son dabbar nan, so na gaske, kuma bai ga abin kunya a ciki ba.

Ana nan aka kawo sabuwar shugabar bincike, wata likita matashiya mai tabarau, mai saurin magana da saurin tafiya. Ba muguwa ba ce, kada a ɗauke ta haka. Ita ce ta fara sa a ƙara wa tumakin maganin rage zafi, kuma Baba take kiransa. Wata rana da hantsi ta sauko duba sabbin da aka yi wa tiyata, ranta a ɓace, domin uku daga ciki ƙafarsu ta kumbura. Ta jingina da bango ta cire tabarau tana murza ido.

"Baba, wani lokaci sai in ga kamar wahalar da bayin Allahn nan kawai muke yi," ta ce. "Wa ya san abin da tantanin nan zai zama bayan shekara biyar a jikin mai rai? Ba mu taɓa barin ko ɗaya ta kai ba."

Tausayinta ya kama shi. Kuma, a faɗi gaskiya, da ɗan alfahari a ciki, irin na uban da ɗansa ya zo na ɗaya. Shekaru yana riƙe da maganar, sai ga shi ta kuɓuce masa cikin numfashi guda.

"Haba Likita, kwantar da hankalinki. Ai ga Goggo nan. Kawo hannunki."

Ya durƙusa ya ɗaga ƙafar hagu ta baya, ya buɗa gashin, ya ɗora yatsun likitar a kan wani dogon tabo da ya dushe. Kullum da safe nan yake murza mata da mai, ko ido rufe ba ya kuskuren wurin. "Nan Farfesa ya yanka," ya ce. "Da hannuna na riƙe ta. Yanzu fa a kan ƙafar nan take miƙewa ta saci ciyawa daga saman tarin da ke baranda."

Likitar ta durƙusa kusa da shi. Ta mayar da tabaranta, ta sake taɓa tabon, a hankali wannan karon. Ta dubi Goggo daga kai har wutsiya. Sannu-Sannu ya ga yadda idonta ya canja, ya gane bakinsa ya ja masa tun kafin ya saki ƙafar.

Ba ta ɓoye masa ba. Bayan an ɗauki hoton ƙafar, ta kira shi ofishinta ta ba shi kujera. Ta ce hoton ya nuna ƙashi ya haɗe sumul, amma hoto ba ya nuna ko tantanin ya narke duka, ko ya bar wani abu da ke cin jiki a ɓoye. Sai an yanka ƙashin siriri-siriri an duba a madubin likita, an duba hanta da ƙoda. Ba za a yarda a sa wa ɗan Adam abin nan ba sai an san ƙarshensa, kuma duk duniyar binciken nasu Goggo kaɗai ta rayu da shi tsawon haka.

"Likita, a ɗan ɓantari kaɗan mana, a ɗinke," ya ce. "Ta saba da tiyata."

"Da zai isa da na yi, Baba."

"Ta tsufa fa. A ɗan jira ta, ba za ta daɗe ba."

"Idan ta mutu da kanta ba mu kusa, kafin a ankara naman ya lalace. Shekarun nan duka sun tashi a banza." Ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri. Wallahi na san matsayinta a wurinka."

Ya koma gida jiki a sanyaye. Da yamma suna zaune a tsakar gida ya zayyana musu komai, har da dabarar da ta zo masa a hanya. Akwai wata tsohuwar tunkiya a ɗakin baya mai kama da Goggo, ita ma da tabo a ƙafa daga yankan wayar shinge, sai ya miƙa musu ita a madadin Goggo. Matarsa ta ce ita dai ba ta ji ba ba ta gani ba. 'Yar tasu ce ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baba, likitar ba makauniya ba ce, za ta gane. Kuma in ma ba ta gane ba, ya fi muni." Ta dube shi. "Akwai wani direba a sashenmu, mota ta matse masa ƙauri, ƙashi kamar tsawon yatsa ya fita. An yi tiyata an sake, giɓin ya ƙi cikewa. Makon jiya aka yanke ƙafar. Har yanzu yakan kira ni ya ce in sosa masa tafin ƙafar da babu. In ka ba su ƙashin ƙarya, a jikin irinsa za a gwada ƙaryar."

Ya ji haushinta ƙwarai, domin ta fi shi gaskiya.

Duk da haka bai haƙura ba. Washegari da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, ya buɗe ƙofar baya wadda ake shigo da ciyawa ta cikinta. Wani makwabcinsa mai motar a-kori-kura yana jira a bayan katanga don ya tafi da Goggo. Sannu-Sannu ya riga ya shirya abin da zai ce, cewa ƙofa aka bari buɗe, kuma ya yarda a kore shi a kan haka. Ya kama tafiya, Goggo ta bi shi kamar kullum. Ya tsallaka dokin ƙofa ya fita cikin rana, ya juyo.

Ta tsaya daga ciki. Hasken ya kwanta a ƙasa daidai gaban kofatonta, ba ta taka shi ba. Ya kira ta, ya karkaɗa ledar ɓawon kayan miya, ya dawo ya tura ta ta baya, ko gezau. Rabonta da ganin sarari tun tana 'yar shekara biyu. Ta ɗaga kai ta dubi sama sau ɗaya, jikinta ya ɗauki rawa, sai ta juya ta koma cikin barandar da tafiyarta ta ƙasaita. Ya bi ta da ido. Ta wuce ɗakunan hagu, ta wuce na dama, ba ta tsaya a gaban ko ɗaya ba. Ta je lungun da take kwana, inda buhunta yake shimfiɗe, ta tsaya a gabansa ƙiƙam, hancinta a jikin bango. Ba ta ci, ba ta tuƙa.

Mai a-kori-kura ya gaji da jira ya yi tafiyarsa. Sannu-Sannu ya rufe ƙofar baya ya sa sakata. Kafin a tashi aiki saƙo ya sauko daga ofis cewa Goggo ce ta gaba.

Da safen ranar ya zo da wuri, ya share barandar duk da ba ta yi datti ba. Tumakin ɗakunan duka sun taso sun jeru a jikin ƙarafa suna kallo, ba motsi. Likitar da mataimakanta biyu suka wuce ciki sanye da korayen riguna, suka bar ƙofar a buɗe. Ya taɓa kan Goggo ya ce, "Taso mu je, Goggo."

Suka kama hanya, shi a gaba ita a baya. Bai taɓa jin tsawon barandar nan kamar ranar ba, ga shi kuma ta ƙare da wuri. Da suka kusa, ƙafarsa da kanta ta kai shi jikin bango ta dama. Goggo ta ƙarasa bakin ƙofa, ta tsaya, ta raɓe ta hagu. Ta jira. Da ta ji shiru sai ta waiwaya ta dubi bayanta, don ta ga masu wucewa. Babu kowa a barandar. Ta dubi wurin da babu kowa ɗin na ɗan lokaci, sannan ta juyo ta dube shi.

Ɗaya daga cikin mataimakan ya leƙo da igiya a hannu. "Baba, in ja ta?"

"Kada ka taɓa ta," in ji Sannu-Sannu.

Ya san abin da ya rage. Ba ta taɓa bin igiya ba, ba ta taɓa bin wata tunkiya ba, shi kaɗai take bi. Ya bar jikin bangon, ya zo tsakiyar baranda, ya ba ta baya. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka koriyar ƙofar. Ɗakin ƙarami ne, ya fi waje sanyi, da teburin ƙarfe a tsakiya da magudanar ruwa a ƙasa. Bai waiwaya ba. Ya tsaya yana kallon bango yana roƙon Allah a zuciyarsa ta ƙi shigowa. Sai ya ji ƙarar kofato a kan tayil, ɗaya bayan ɗaya, har ɗumin numfashinta ya taɓa bayan gwiwarsa.

Shi ya riƙe kanta. Likitar ta yi allurar cikin natsuwa, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Goggo ta durƙusa, ta ɗora haɓa a cinyarsa, nauyinta ya ƙaru. Ba ta yi ko shure-shure ba.

Ya fita ya zauna a kan buhun dusa a baranda. Bai yi kuka ba. Yana jin ƙarar ƙarafa da zubar ruwa daga ciki. Ya so ya tashi ya tafi gida, amma ya ci gaba da zama. Can sai ƙofar ta buɗe, likitar ta leƙo. Ta zame ƙyallen bakinta zuwa wuya, idonta cike da hawaye, amma fuskarta dariya take yi.

"Baba, zo. Don Allah zo ka gani."

Ya shiga. An rufe gawar da farin zane. A kan farantin ƙarfe ga ƙashin ƙauri, an wanke shi tas, fari mai ɗan ja-ja. Ta sa masa safar hannu ta ɗora masa shi a tafi. Da sauran ɗumi a jikinsa.

"Sai mun duba a madubi kafin mu tabbatar," ta ce, maganar na rige-rigen fita. "Amma duba, Baba! Ba tantani, ba kumburi, ba layi. Ko ramukan ƙarafan sun toshe. Abin da muke fata ke nan, a buɗe a tarar babu komai. Kai da ka san wurin, nuna mana inda aka yanka."

Ya ɗora babban yatsansa inda ya saba ɗorawa kowace safiya. Santsi. Ya matsa sama kaɗan, ya dawo ƙasa. Ya juya ƙashin ya bi ɗaya gefen tun daga gwiwa har idon sawu. Mataimakan biyu suna ta murna suna ɗaukar hoto.

"Likita," ya ce, "ko dai ta dama kika ba ni?"

"Ta hagu ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya koma farkon ƙashin, ya sake bi da yatsa a hankali yana nema.